Goggo Safiatu a Cikin Ɗanyen Hoto

Gidan Dawa, kusa da Galmi
7 ga Janairu, 2024

Zuwa ga 'yar'uwata Rafi'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Inna da dukan dangi na Asawase, da fatan kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Ƙila sunana ba zai faɗo miki nan take ba. Ni ne Zuberu, ɗan Safiatu ta Galmi. Kakana na wajen uwa da kakanki Alhaji Rafiu ciki ɗaya suka fito. Naki ya bi fataucin goro ya zauna Kumasi, namu ya tsaya gona. Ni da ke ba mu taɓa haɗuwa ba, amma kin ga mahaifiyata sau ɗaya, lokacin da ta zo bikin Farhana 'yar kawunki, shekara biyu da suka wuce. Kin san ta rasu da daminar bara. Ta'aziyyarku ta iso mu, Allah ya ba da lada.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Baba, Malam Abubakari, yana wurina yanzu a ƙauyen da nake koyarwa, kuma idonsa yana tafiya. Likitan ido ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke mutuwa, magani sai dai ya rage mata gudu. Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci, ina riƙe da hannunsa, sai ya ce mini, "Zuberu, ina so in ƙara ganin fuskar uwarka kafin a rufe mini ƙofar."

Innata ba ta son hoto, da ta ga an ɗaga salula sai ta ja mayafi. 'Yan hotunan da na sato mata suna cikin salular da aka zare mini a kasuwa. Abin da ya rage shi ne na katin ɗan ƙasa, ƙarami kamar farce, ta haɗe rai kamar an kai ta gaban alƙali, kuma ya kusa gogewa.

Sumana direban motar albasa, wanda zai miƙa miki wannan takarda, shi ya tuna mini cewa ke kika ɗauki hotunan bikin nan. Ya ce daga unguwar Race Course har Akwatialine, duk mai biki ko suna ke yake nema. Don Allah ki duba ko Innata ta faɗo cikin wani, ko da gefen fuska ne. Sai dai a kan takarda, don Baba ba ya ganin komai a gilashin salula.

Ɗan'uwanki,
Zuberu Abubakari


Asawase, Kumasi
20 ga Janairu, 2024

Yaya Zuberu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana gaishe ku, ta yi kuka da na karanta mata zancen idon Baba Malam. Allah ya ba shi sauƙi, Allah ya jiƙan Goggo.

Ka yi haƙuri da gajartar wannan. Sumana ya zo shago ina rataye da jaka zan tafi ɗaukar hoto a bikin suna, shi kuma motarsa ta gama sauke kaya, yana ta danna mini hon a bakin titi.

Hotunan bikin Farhana ba sa cikin kwamfutata, na kwashe su tun bara da wuri ya cika. Na kuma buga sunan Goggo a kundina, bai fito ba. Sauran bayani sai na zauna. Ga lambata a bayan takarda.

Ƙanwarka,
Rafi'atu


Gidan Dawa
6 ga Fabrairu, 2024

Rafi'atu,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, mun ji lafiyarku, mun gode Allah. Baba yana nan yadda yake, sai dai yanzu idan zai sha shayi sai ya lalubo kofin.

Na karanta layukanki ya fi sau goma, ko zan ga wani abu dabam, ban gani ba. Kin kwashe su da wuri ya cika. To. Ban san haka aikinku yake ba. Ni malamin lakwal ne, makarantar boko ke nan, ina da littattafan yaran da suka gama tun shekara tara a cikin akwati, ɓera ya ci gefensu, amma hannuna ya kasa zubarwa. Na ɗauka fuskar mutum ta fi littafin lissafi daraja. Matar nan kwana uku ta yi a mota, ƙafafunta suka kumbura, don dai kada a ce babu kowa daga Galmi a bikin jikar Alhaji Rafiu. Ko sunanta bai samu shiga kundinki ba.

Sau biyu na hau tudun bayan gari, inda salula ke kamawa, da niyyar kiranki. Na sauko ban kira ba, don ban amince da bakina ba.

Ban gaya wa Baba ba. Kullum da safe sai ya tambaya, "Motar Kumasi ta zo?" In ce masa tukuna. Ban saba yi masa ƙarya ba, kuma abin yana cina.

Ba na riƙe ki da komai, kayanki ne. Ki gai da Inna.

Zuberu


Asawase
24 ga Fabrairu, 2024

Yaya Zuberu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da jikin Baba Malam. Inna ta yi fama da ƙafa, amma ta samu sauƙi.

Kwana uku takardarka ta yi a jakata ban amsa ba, don raina ya ɓaci sosai paa. Sai Inna ta ce in karanta mata abin da na rubuta maka tun farko, tunda ina ajiye kwafi. Da ta ji, ta ce, "Ni ma da haka zan fahimta. Ke kika yi magana rabi." To na karɓi laifina, kai ma ka karɓi naka.

Yaya, na kwashe su, ban zubar ba. Ni ba na goge hoto. Bari in gaya maka dalili. Shekarar da na fara aiki, na ɗauki hoton bikin sunan wani jariri a Akwatialine. Washegari ina sauri, na wanke memorin kyamara, ina zaton na juye. Ban juye ba. Yaron bai cika wata biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Uwar ta zo shago ta zauna a benci, ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai, "Ko ɗaya?" Na ce ko ɗaya. Ta tashi ta tafi. Har yau idan na hango ta a motar haya ta trotro sai in sunkuyar da kai.

Tun ranar na kafa wa kaina doka. Idan na dawo daga aiki, kafin in cire takalmi, sai na juye memori wuri biyu. Kowace shekara da foldarta. A ciki kowane aiki da tasa, sunanta ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sai mai bikin, don su jeru da kansu yadda kwanaki suka jeru. Kyamara tana ba hotuna suna iri ɗaya, ta ƙirga zuwa dubu tara da ɗoriya ta koma ɗaya, sai wani ya hau kan wani. Shi ya sa nake sauya wa kowane suna tun a bakin ƙofa. Bayan nan in bi su ɗaya ɗaya: mai kyau tauraro uku, wanda zan gyara in ba masu biki tauraro biyar, wanda ya lalace in sa masa jar alama. Jar alama ba hukuncin kisa ba ne, yana nan inda yake. Aikin da ya shekara kuma ina kwashe shi daga kwamfuta zuwa faifan ajiya guda biyu, ɗaya a shago cikin akwatin ƙarfe, ɗaya a ɗakin yayata Barkisu a Akwatialine, saboda gobara da ɓarawo da wutar nan tamu mai zuwa da tafiya. Kwashewar da na ce maka ke nan.

Kuma abin da nake ajiyewa ɗanyen hoto ne, wanda muke kira RAW. Hoton da kake gani a salula tuwo ne, an riga an tuƙa, ba ya komawa gari. Ɗanyen shi ne garin. Duk hasken da kyamara ta gani yana ciki, har wanda ido bai gani ba. Idan na yi gyara, ba na taɓa shi, manhaja tana rubuta gyaran a wani ɗan fayil a gefensa. Bayan shekara goma ina iya komawa in sake tuƙi.

Zancen kundi kuwa, ina rubuta sunayen mutanen da ke cikin kowane hoton da na zaɓa. Sunan Goggo bai fito ba don ba ta cikin ɗari da arba'in ɗin da na ba su Farhana. Amma ranar nan hoto dubu biyu da ɗari uku da goma sha ɗaya na ɗauka, kuma dukansu suna nan. Na ɗauko faifan, na bi su sau ɗaya, ban gane ta ba. Sau ɗaya na gan ta, ina aiki, mata kuwa sun fi ɗari biyu, rabinsu cikin anko. Inna idonta ba ya jure kwamfuta, ta ce dai doguwa ce. Ka kwatanta mini ita kamar kana kwatanta wa makaho. Me ta sa? Ina take son zama a taro? Kada ka bar komai.

Kuma ka daina ce wa Baba Malam tukuna. Ka ce masa ana nema.

Ƙanwarka,
Rafi'atu


Gidan Dawa
30 ga Maris, 2024

Ƙanwata Rafi'atu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fata azumi yana zo muku da sauƙi, da ƙafar Inna.

Mako biyar takardarki ta yi a hanya. Motoci sun tsaya jiran rakiyar sojoji ta wajen Burkina, Sumana ya ce albasar wasu har ta tsira a buhu. Duk tsawon kwanakin nan na ɗauka fushi ya sa kika yi shiru, kuma na ce na cancanta. Shekaranjiya da na karanta, na rasa inda zan sa fuskata. Ki yafe mini. Na yi wa mai rumbu biyu gorin rashin ajiya.

Na karanta wa Baba ita tun daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin uwar jaririn nan, ya ce in tsaya. Sannan ya ce, "Yarinyar nan ta san amana. Wasu kuskure yana kashe musu zuciya, ita ya zame mata malami." Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai shi ne jar alamar nan. A ce mutum ya san abu ya lalace, ya rubuta cewa ya lalace, amma ya ba shi wurin kwana shekara da shekaru. Na koyar shekara goma sha huɗu, ban kai ki tsari ba.

Jiya na hau tudu na kira ki, muryarki tana yankewa, abin da na kama kawai "rubuto". To ga shi.

Doguwa ce, siririya, baƙa. Tana da zane uku uku a gefen baki, sun dushe da tsufa. Tana da wushirya. Ba ta sa anko ba, don ta iso ana gobe biki, ba lokacin ɗinki. Baba ya ce zane mai ruwan ganye ta tafi da shi, da farin mayafi mai bakin shuɗi. Kada ki neme ta kusa da amarya ko inda ake kiɗa. Ki neme ta wajen tukwane. Innata ba ta iya zama baƙuwa, duk gidan da ta shiga sai ta samu abin wankewa.

Ba na son in matsa miki, amma idon hagu ya rufe tun farkon azumi. Na dama ya rage kamar mai leƙe ta ramin ƙofa.

Yayanki mai jin kunya,
Zuberu


Asawase
12 ga Afrilu, 2024

Yaya Zuberu,

Assalamu alaikum, barkanmu da Sallah. Allah ya maimaita mana. Duk muna lafiya. Zancen yafiya ya wuce, kada ka sake tayar da shi.

Na same ta.

Takardarka ta zo ana saura kwana uku Sallah, shago cike da masu son a ɗauke su da sababbin kaya. Na ce wa kowa ya dawo bayan Idi, na ja ƙofa. Da ka ce wajen tukwane, sai na tuna da hantsi na zaga madafa in ɗauki masu girki. Tunda hotunan a jere suke bisa lokacin da aka ɗauka, ban sha wahala ba, na tafi kai tsaye tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya. Na bi masu tauraro, babu ita. Sai na buɗe masu jar alama.

Akwai guda huɗu a jere, daga lamba 1871 zuwa 1874. Ƙawayen amarya nake ɗauka a bakin matakala, filashi ya ƙi tashi, duk suka fito baƙi ƙirin. Shi ya sa na yi musu ja. Na ɗauki na farko na fara ɗaga hasken inuwa a hankali. 'Yan matan suka fito. Na ƙara. Sai ga bango, ga turmi, ga kwandon kwanuka. A can lungu, ƙarƙashin matakala, ga farin mayafi mai bakin shuɗi.

Na kira Barkisu ta zo da Inna a tasi. Inna ta sa tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ce, "Safiatu ce, wallahi Safiatu ce," ta fashe da kuka.

A na farko tana ciro salula daga bakin zane. A na biyu ta kara a kunne, ta haɗe gira. A na uku ta sa hannu a baki. A na huɗu dariya take yi, kai a baya, wushirya a fili, hannunta ɗaya da kumfar sabulu. Kyamara ta rubuta lokacin: Lahadi, 19 ga Disamba 2021, ƙarfe goma da minti hamsin da biyu. A wurinku sha ɗaya da hamsin da biyu ke nan.

A cikin hoton gaba ɗaya ba ta wuce babban yatsa ba. Da irin na salula na ajiye, da na ɗaga haske sai dai a ga dusa. Na yanke ta ita kaɗai, na rage ƙurajen da duhu ke sa wa hoto, amma ban goge mata zane ko tamoji ɗaya ba. Masu biki suna son in mayar da fuska sumul kamar ƙwai. Na san Baba Malam ba wannan yake nema ba. Na ƙara wa baƙi baƙi, fari fari, don idon da ya raunana ya fi kama haka. Sau uku na sa aka buga kafin ya yi mini.

Na huɗun na buga babba, faɗinsa ya kai faifan tuwo biyu, ba mai sheƙi ba don kada rana ta haska masa ido. Sauran ukun matsakaita. Suna naɗe cikin bututun roba na ruwa, na toshe bakin biyu. Na ce wa Sumana idan ya ɗora buhu a kai, ni da shi ne har Galmi.

Ku nuna masa da safe, a waje, rana tana bayansa.

Ƙanwarka,
Rafi'atu


Gidan Dawa
28 ga Afrilu, 2024

Ƙanwata Rafi'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da Inna da Barkisu. Muna lafiya, zafi ne dai ya tsananta.

Bututu ya iso ranar Alhamis. Sumana da kansa ya hau babur ya kawo har ƙofar lakwal, ya ce tun daga Kumasi a kan cinyarsa ya riƙe shi, ko wurin masu bincike bai yarda ya ajiye ba.

Ban buɗe gaban Baba ba. Na shiga aji bayan yara sun tashi, na warware a kan tebur. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Ki bar ni da wannan, ba zan iya rubuta shi ba.

Da safe na yi yadda kika ce. Na manna babban a bangon tsakar gida, na fito da Baba, na juya bayansa ga rana. Da farko ya matso kusa sosai, bai ga komai ba. Sai ya ja da baya da kansa, taki ɗaya, biyu, uku, ya tsaya. Ya rufe idon hagu da tafi, ko da yake ba ya gani da shi. Ya riƙa juya kai a hankali, daga mayafi zuwa goshi, daga goshi zuwa baki, kamar mai bin layin karatu a allo. Da ya kai bakin ya ce, "Ga ta nan."

Maƙwabta sun taru. Can ya ce, "Mene ne a kunnenta?" Na ce salula ce. Na karanta masa ranar da lokacin da kika rubuto. Ya ce, "Lahadi? Gab da azahar?" Na ce e. Sai ya fara dariya, dariyar da rabona da ji tun kafin daminar bara, har ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Ni ne. Ni na kira ta."

Ashe ranar nan ya kira ta daga Galmi, ya ce ya birkice ɗaki yana neman hularsa ta zuwa masallaci, ina ta ajiye kafin ta tafi? Ta ɗan yi tunani. Sannan ta ce masa, daga Kumasi, iyaka biyu tsakaninsu, "Malam, taɓa kanka." Hular tana kansa.

Matan da ke tsaye suka kwashe da dariya, ni ma haka. Shi kuwa ya daina. Hawaye suna bin gemunsa, idonsa bai bar bangon ba. Ya ce da murya ƙasa ƙasa, ba da mu yake ba, "Na san tana kaina, Safiatu. Shekara arba'in da ɗaya ba ki taɓa yin kwana shida a wajen gida ba. Ban san me zan ce ba ne."

Yau kwana uku, kullum bayan ya karya sai ya ce a fito masa da kujera, ya ƙirga takinsa uku daga bango ya zauna, har rana ta kore shi. Ya ce in gaya miki ba shi da abin ba ki sai addu'a, kuma ya fara tun ranar Juma'a, da sunanki da na mahaifinki.

Allah ya tsare miki idonki da hannunki.

Yayanki,
Zuberu Abubakari